Ɗana, Kafin Ka Ce A Halatta Wiwi

Ɗana, akwai maganar da ta zama abin hira a fadojin samarin Yamai, tun daga Bukoki da Yantala har tsallaken gada a Harobanda, kuma na tabbata ta riga ta iso kunnenka. Ana zaune ana jiran shayi na biyu ya nuna, sai wani ya ɗaga wayarsa ya nuna hoton wani shago a Kanada inda aka jera tabar wiwi cikin kwalabe, ya ce ga shi nan, waɗanda suka fi mu ilimi da likitoci sun halatta ta, mu ne kawai muke ta kama yara a kan ganyen da Allah ya tsiro da shi. Wani ya karɓe ya ce ai magani ce ma. Na uku ya ce da gwamnati za ta bari a noma ta, kuɗin da za a samu sai ya ninka na albasar Galmi. Ba zan rufe ka da faɗa ba, domin ka wuce shekarun da ake ce wa mutum "bari" ya bari ba tare da an gaya masa dalili ba. Ka ba ni aron hankalinka, mu bi maganar daki-daki.

Akwai gaskiya a cikin abin da abokanka suke faɗa, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Ana samun magani daga wannan tsiro. A shekarar 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin ruwa mai suna Epidiolex, wanda aka tace daga wiwi, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da suke kama ƙananan yara. Tun 1985 ma akwai wani da ake ba masu ciwon daji saboda tashin zuciya da amai. Haka kuma gaskiya ne cewa tsananin hukunci shi kaɗai bai taɓa kashe wiwi ba. A 1966 gwamnatin soja ta Najeriya ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ga kisa ga mai noma ta, da shekara 10 a kurkuku ga mai sha. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, binciken da aka gudanar a 2018 da hannun ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 10.6 ne suke shan wiwi a ƙasar. Duk wanda ya ce maka ƙarin bulala da ƙarin kaso ne kawai mafita, ka tuna masa wannan lissafi.

Amma ka lura da abin da aka yi a ƙasashen da ake kafa maka hujja da su, domin labarin da yake isowa fada ya sha bamban da abin da ke cikin dokokinsu. A ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a, ƙasashe 27 suka yarda, 25 suka ƙi, ɗaya ta ƙaurace. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne a cire wiwi daga rukunin abubuwan da ake ganin ba su da wani amfanin magani. An bar ta a cikin jerin abubuwan da dole a sa musu ido sosai. Najeriya da Burkina Faso da Togo ma suna cikin waɗanda suka ƙi. Maroko, wadda ta yi suna a duniya wajen noman wiwi a tsaunukan Rif, ta yi dokarta a 2021, ta yarda a noma domin magani da masana'antu, a lardi uku kacal, manomi sai da lasisi, sai ya shiga ƙungiyar manoma, kuma kamfanin da aka ba izini kaɗai zai sayar wa. Shan ta domin nishaɗi laifi ne a Maroko har gobe. Ghana kuwa irin da ta yarda a shuka shi ne wanda sinadarin da ke bugarwa, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, irin da ake zare da mai da shi, wanda ba ya sa kowa caji. Ko a Najeriya da marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kiran a noma ta, maganar magani da fitarwa waje yake yi, kuma daga baya hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ƙarƙashin Buba Marwa, ta tsaya kai da fata a kan ƙin amincewa.

Waɗanda suka yarda a sha domin nishaɗi su ne irin su Urugwai a 2013, da Kanada a Oktoban 2018, da Jamus a Afrilun 2024. Su ma da sharuɗɗa. A Kanada ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, a lardin Kebek ma sai 21. Kowane ƙunshi an gwada shi, an rubuta ƙarfinsa a jiki, an hana tallar da za ta ja hankalin yara. A Jamus an ƙayyade giram 25 a aljihu da tushe uku a gida, an hana sha kusa da makarantu. Tailan ta buɗe ƙofa a Yunin 2022 kafin ta gama shirya ƙa'idoji, shaguna suka tsiro dubbai a cikin 'yan watanni, a Yunin 2025 kuma gwamnati ta dawo ta ce babu saye sai da takardar likita. Shekara uku kawai aka yi.

To, a nan nake so ka tsaya ka dubi garinmu da idon basira. Masu cewa a halatta sannan a tsara, mu tambaye su: wa zai tsara? Ai mun riga mun yi wannan jarrabawa da tramol. Tramol magani ne na halal, likitoci suna rubuta shi ga mai tsananin ciwo, doka ta ce a farmasi kaɗai za a sayar, kuma sai da takarda. Duk tsarin da ake mafarkin yi wa wiwi, tramol yana da shi a rubuce. Yanzu ka fita bakin kasuwa ko tasha da hantsi ka ga mai tallar magani, tire a ka ko kwali a bayan keke, an jera ƙwayoyi ja da kore da ruwan ɗorawa suna shan rana. Yaro mai turin baro zai tsaya, ba ya ko faɗin suna, ya miƙa 'yan silalla, a yanko masa biyu daga kati da reza, ya jefa a kofin shayi ko kofi ya kaɗa da yatsa ya shanye, ya koma bakin aiki. Wanda likita yake rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake yankowa a titi 200 ne, ko 225, ko 250, ƙarfin da yake kayar da saurayi lafiyayye yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Babu wanda ya tambayi shekarun yaron, babu wanda ya nemi takarda. Ƙasar da har yanzu take fama ta tsare ƙwayar da ake ƙerawa a masana'anta, ake shigowa da ita ta iyaka cikin kwali mai lamba, ta yaya za ta tsare ganyen da kowa zai iya shukawa a bayan ɗaki ko a tsakiyar gonar masara? Wane ɗakin gwaji ne zai auna ƙarfin kowane ƙulli da za a sayar a Gaya ko Ƙonni? Da wace takarda za a tantance ɗan shekara 18, alhali yara da yawa a karkara ko takardar haihuwa ba su da ita?

Sannan ka tuna su waye mu. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Jamus ƙasar manya da tsofaffi ce. Idan ta ce ta bar wa baligai zaɓinsu, yawancin mutanenta take nufi. Mu idan muka buɗe wannan kasuwa, masu sayen da ke bakin ƙofa yara ne.

Maganar kuɗi kuma, ka san inda kuɗin wiwi suke tafiya. A watan Maris na 2021 jami'an OCRTIS, ofishin da ke yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, suka kama tan 17 na ƙaron wiwi, wanda ake kira hashish, a wani ɗakin ajiya a nan cikin Yamai. An ƙiyasta kuɗinsa ya kai miliyar 20 na sefa. Daga Labanan aka ɗauko shi, aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Lome, aka hauro da shi a mota, za a wuce da shi Libiya. Kafin nan, a Yunin 2018, an kama fiye da tan 2 a garin nan, wanda ya fito daga Maroko. Masu irin wannan kaya suna da motoci da ɗakunan ajiya da mutane a kowace iyaka. Ranar da aka ce an buɗe kasuwa, su ne masu jari da hanya, su za su fara cin moriya. Ko Lesoto da ta riga kowa a Afirka ba da lasisin noman wiwi na magani a 2017, kuɗin lasisin ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, kamfanoni masu jarin waje ne suka shige gaba. Abokinka mai naɗawa a lungu yana ganin shi za a yi wa gata, alhali matsayinsa na mai saye ba zai canja ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato kanka. Masana sun tabbatar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da yake ƙarasawa a ƙarshe shi ne na gaban goshi, mai kula da tsara al'amura da danne zuciya da auna abin da zai biyo baya. Ƙwaƙwalwar saurayi ginin laka ne da bai gama bushewa ba, duk abin da ya dafa shi yanzu sai ya bar sawu. Sinadarin THC yana shiga daidai hanyoyin da ƙwaƙwalwa take bi wajen riƙe sabon abu da tattara hankali. Shi ya sa ɗalibin da yake sha zai zauna da littafi awa biyu ya tashi bai riƙe shafi ɗaya ba, ya ce malamin ne bai iya koyarwa ba. Shi ya sa ɗan kabu-kabu da ya zuƙa yake ganin ya fi kowa nutsuwa a kan babur, alhali tsakanin ganin yaro ya gitta da taka birki an sami jinkirin da babu shi a da. Kuma maganar nan da ake yi, wai ni nake shan ta ba ita take sha na ba, lissafi bai goyi bayanta ba: a cikin mutum goma da suka fara sha, kusan ɗaya yakan kamu har ya kasa bari; a cikin waɗanda suka fara tun suna 'yan shekara goma sha, ɗaya ne cikin shida. Wanda ya kamu, ranar da bai samu ba barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya yi ta faɗa da kowa a gida kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mafi muni shi ne taɓin hankali. A ƙasar Suwidin an bi samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, aka yi shekara 15 ana duba lafiyarsu, aka fitar da sakamako a 1987. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su, haɗarin kamuwarsu da ciwon hauka mai tsanani, irin mai sa jin muryoyi da ganin ana bin mutum, ya ninka na waɗanda ba su sha ba kusan sau shida. A 2019 wani binciken da aka yi a wurare 11 a Turai da Burazil ya nuna mai sha kullum haɗarinsa ya ninka sau uku, idan kuma mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau biyar. Za ka ce ka san wane da wane, shekara ashirin suna sha ba su haukace ba. Haka ne, yawancin masu sha ba sa haukacewa. Sai dai babu gwajin da zai gaya maka tun kafin ka fara ko kana cikin waɗanda kansu ba zai ɗauka ba, kuma idan akwai mai irin wannan ciwo a danginku, na uwa ko na uba, to kai ne na farko da ya kamata ya yi nesa da ita. Wiwin yau ma ba irin ta zamanin kakanni ba ce. A Amurka, inda ake aunawa, ƙarfinta ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin 12 a 2014. A wurinmu babu mai aunawa, ga shi kuma ba kasafai ake shan ta ita kaɗai ba: a haɗa da tramol, a bi da ƙwayar barci, wani ma ya ƙara da sholisho.

Kowa a Yamai ya san sunan Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa, har yara suna tsokanar juna da shi. Wanda ya taɓa zama a bakin irin wannan wuri ba ya wasa da sunan. Za ka ga uwa zaune a kan tabarma da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali, tana jiran a ce ta shiga. An fito da ɗanta, saurayi mai ƙirar ƙarfi, leɓensa sun bushe sun yi baƙi, akwai sawun igiya a wuyan hannunsa daga ɗaurin da 'yan'uwansa suka yi masa kafin su iya sa shi a mota. Ta buɗe kwanon ta tura masa. Ya dubi tuwon ya dube ta, ya ce ta fara ci, domin ya san an haɗa baki da ita za a ba shi guba. Sai ta gutsura ta ci a gabansa, hawaye na zuba, don dai ya yarda ya sa wani abu a cikinsa. Ba kowane mai kwanciya a can ne wiwi ta kai shi ba, amma ka tambayi duk ma'aikacin jinyar da ya daɗe a wannan fanni sau nawa yake jin labarin da ya fara da zuƙa ɗaya a wurin abokai. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu kuma a Yamai suke. Kanada da ta halatta tana da asibitocin da za su karɓi wanda abin ya kayar. Yaron Tawa ko na Filinge da kansa ya juye, sau da yawa mari ne yake jiransa.

'Yata, ke ma da ke nake, domin yanzu abin ya shiga ɗakunan mata, a wurin biki da wurin shisha. Abin da mai ciki ta zuƙa yana isa ga abin da ke cikinta, ana kuma haifar irin waɗannan jarirai da ƙarancin nauyi. Yana bin nono ma.

Ta fuskar addini ba sabuwar tambaya ba ce. Malamai sun yi ta tun da hashish ta bazu a Masar da Sham wajen ƙarni na 13. Imam al-Ƙarafi, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya rasu a 1285, ya bambanta abin da ke bugarwa irin na giya da abin da ke gurɓata hankali, ya sa hashish a kashi na biyu. Ibn Taimiyya ya ce hukuncinta ɗaya da giya. Sun saɓa a kan irin horon da za a yi wa mai sha, amma ba su saɓa ba a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali, domin hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. Hujjar cewa Allah ne ya tsiro da ita kuwa, ai zaƙami ma Allah ne ya tsiro da shi, kuma ka san abin da yake yi wa wanda ya sha.

Kada ka ɗauka da na faɗi wannan duka na gamsu da yadda muke yi yanzu. Dokarmu ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi, mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, ta haramta noma da sayarwa da sha, kuma ina goyon bayan a bar haramcin. Abin da ba na goyon baya shi ne a kama yaro ɗan shekara 17 da ƙulli ɗaya a aljihu a jefa shi gidan kaso cikin manyan ɓarayi, ya yi watanni yana jiran shari'a, ya fito karatu ya wuce shi, maigidan da yake koya masa aiki ya maye gurbinsa, ya kuma san dillalai fiye da yadda ya san su kafin ya shiga. Irin wannan yaro likita yake bukata da sana'a da babban da zai riƙe hannunsa. Ƙarfin 'yan sanda da jandarma da duwan a tattara shi kan masu tan-tan da masu rufa musu asiri. Idan kuma wata rana likitocinmu suka ce suna bukatar maganin da aka tace daga wiwi domin yaro mai farfaɗiya, a shigo da shi ta hannun ma'aikatar lafiya, a kulle shi inda ake kulle sauran magunguna masu haɗari, a ba da shi da awo. Wannan daban, buɗe shagon naɗi a unguwa daban.

Ku ma iyaye 'yan'uwana, akwai namu. Uba ya ga idon ɗansa ya yi ja, ya ga kuɗi suna ɓacewa a ɗaki, ya ga yaron da yake cin kwano ɗaya ya koma cin uku ko ya daina ci gaba ɗaya, amma ya kawar da kai don kada maƙwabta su ji. Ranar da abin ya fashe kuma sai duka da kora da baki, ko a kai shi gidan mari. Ku tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma iyayensu ne suka kai yawancinsu da hannunsu domin a gyara musu hali. Sarƙa tana hana yaro zuwa wurin dila na ɗan lokaci, amma ba ta taɓa dalilin da ya kai shi. Da yawa daga cikin yaran nan zaman banza ne ya kai su, wasu aikin ƙarfi ne da ya fi jikinsu, wasu baƙin cikin gida ne da ba su da wanda za su gaya wa. Ku zauna da su ku tambaya, ku kuma saurari amsar ko da ba ta yi muku daɗi ba.

Kai kuma ɗana, idan ba ka taɓa sha ba, kada ka ɗanɗana don a daina ce maka yaro ko ɗan malam. Wanda ya miƙo maka yau ba zai zauna a kan tabarmar asibiti tare da mahaifiyarka ba. Idan ka riga ka fara, ban cire rai da kai ba, kuma barin ta abu ne mai yiwuwa: makon farko da na biyu ne masu wuya, rashin barci da zafin rai, bayan nan jiki yakan sake. Ka canja wurin zama da abokan hira, domin ba a barin ta a cikin masu shan ta. Ka sami mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, kawunka ko malaminka ko yayanka, ka gaya masa gaskiya. Idan kuwa ka fara jin ana kiran sunanka babu kowa, ko kana ganin duk wanda ya dube ka da wata manufa ya dube ka, ko ƙaninka ne ka ga ya soma magana shi kaɗai, kada ku jira sai an kai ga igiya. Ku je wurin likita cikin makon nan, ku gaya masa duk abin da ake sha ba tare da ɓoye ko ɗaya ba.